Yaya manajan ƙaramin kulob na besbol yake kaiwa babbar gasar Amurka?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga 'yan'uwa masu bibiyar wasan besbol na Amurka, domin ni sabon shiga ne, kuma ɗan abin da na sani game da aikin horar da 'yan wasa a ƙwallon ƙafa na san shi. Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin Brian Snitker, wanda ya jagoranci kulob ɗin Atlanta Braves har ya ci kofin World Series a 2021. Na karanta cewa tun 1977 yake tare da kulob ɗin, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasar MLB ba, kuma sai da ya kai shekara 60 kafin a damƙa masa ragamar babban kulob a 2016, bayan ya ƙarar da mafi yawan shekarun aikinsa a ƙananan kulob na garuruwan da ko sunansu ban taɓa ji ba.

A ƙwallon ƙafa, idan koci ya ci gasar 'yan dagaji, shi da kulob ɗinsa suke haurawa rukuni na sama tare. Amma na lura a besbol ƙaramin kulob ba ya hawa kuma ba ya sauka, ko da ya ci kofi shekara biyar a jere. To wane ne yake ɗaukar manajan irin wannan kulob aiki, ta ina mutum yake farawa, kuma da me ake auna ƙwazonsa? Shin wanda ya yi ta cin kofi a ƙasa yana da tabbacin wata rana za a kira shi sama? Na gode.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta farko ita ce tushen sauran, saboda haka da ita zan fara. Manajan ƙaramin kulob ma'aikacin babban kulob ne. Kowane ɗaya daga cikin manyan kulob 30 na MLB yana da ƙanana huɗu a ƙarƙashinsa, wato 120 ke nan gaba ɗaya tun bayan garambawul ɗin 2021 da ya rage yawansu, kuma an jera su a matakai huɗu daga ƙasa zuwa sama: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A. A ƙasa da waɗannan akwai gasannin sababbin ɗauka da ake yi a sansanonin horo na jihohin Arizona da Florida, da wadda ake yi a Jamhuriyar Dominika. Amurkawa suna kiran wannan tsari gona, kuma Branch Rickey ne ya raya shi a kulob ɗin St. Louis Cardinals a shekarun 1920. Mai ƙaramin kulob, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne da babu ruwansa da babban kulob sai yarjejeniya, shi yake sayar da tikiti da kula da fili da neman tallace-tallace. Amma 'yan wasa da manaja da kociyoyi duk babban kulob ne yake turo su, shi yake biyansu albashi, kuma shi yake ɗauke su ranar da ya ga dama.

Idan ka riƙe wannan, za ka gane abin da ya sa kofi ba shi ne ma'auni ba. Ubangidan manaja shi ne daraktan renon 'yan wasa, wanda yake zaune a ofishin babban kulob, kuma abin da yake so ya ji shi ne ko yaron da aka kashe maƙudan daloli aka ɗauko ya koyi abin da aka tura shi ya koya, ko kafaɗarsa da gwiwar hannunsa suna lafiya, ko ya isa a matsar da shi gaba. Daga can ake aiko da umarnin wanda dole ya buga wasa kullum ko da bugunsa ya lalace, da adadin jifan da mai jifa ba zai wuce ba a dare guda. Bayan kowane wasa manaja da kociyoyinsa suna rubuta rahoto su aika, kuma wannan rahoto, tare da alƙaluman da na'urori suke tattarawa, shi ne ainihin takardar shaidar aikinsu. Babu shakka ana son a ci wasa, domin yaro ya saba da nasara, amma idan aka zo zaɓi tsakanin cin wasan yau da lafiyar hannun yaron da ake sa ran zai yi shekara goma a sama, manaja ya san abin da aka ɗauke shi ya yi.

Ta ina ake farawa kuwa, hanyar da aka saba ita ce ɗan wasan da tasa ta ƙare a ƙananan matakai, amma aka lura yana da kai. Da yawansu masu cafe ƙwallo ne a bayan mai bugu, domin wannan matsayi shi ne wanda mai shi yake fuskantar fili gaba ɗaya, yake zaɓa wa mai jifa irin jifan da zai yi, yake kuma lallashinsa idan ya rikice. Snitker da ka ambata haka yake. Da aka sallame shi daga wasa a 1980, Hank Aaron, wanda a lokacin shi yake kula da gonar Braves, ya ba shi aikin koyarwa, kuma a 1982 ya zama manaja a garin Anderson na jihar South Carolina yana ɗan shekara 26. Jim Leyland shi ma mai cafewa ne wanda bai wuce Double-A ba. Ya yi kaka 11 yana manaja a gonar Detroit Tigers daga 1971 zuwa 1981, sannan Tony La Russa, manajan Chicago White Sox a lokacin, ya ɗauke shi kocin zango na uku, wato kocin da yake tsayawa kusa da na uku cikin zangunan da mai bugu yake zagayawa, ya yi shekara huɗu a can kafin Pittsburgh Pirates su ba shi babban aiki a 1986. Joe Maddon kuwa shekara 31 ya yi a kulob ɗin Angels, ya yi aikin zaƙulo 'yan wasa, ya yi manaja, ya yi malami mai zagaye wanda yake bin ƙananan kulob ɗaya bayan ɗaya yana gyara wa yara bugu, ya zauna kusa da manajan babban kulob a matsayin mataimaki, kafin Tampa Bay ta ɗauke shi a kakar 2006.

Ka lura da wani abu a tarihin waɗannan mutane. Kusan babu wanda ya tsallaka kai tsaye daga ƙaramin kulob zuwa kujerar babban manaja ba tare da ya taɓa zama cikin kociyoyin babban kulob ba. Earl Weaver ya fara da kocin zango na ɗaya a Baltimore a 1968 kafin a ba shi ragama a tsakiyar kakar. Tommy Lasorda ya yi manaja a Ogden da Spokane da Albuquerque, ya zama kocin zango na uku na Dodgers a 1973, ya gaji kujerar a ƙarshen 1976, kuma ya tarar da yaran da ya rena tun suna ƙanana, irin su Steve Garvey da Bill Russell, sun zama ginshiƙan kulob ɗin. Terry Francona, wanda shi ne manajan Birmingham Barons a 1994 lokacin da Michael Jordan ya ajiye ƙwallon kwando ya gwada besbol, sai da ya yi kaka guda a cikin kociyoyin Detroit kafin Philadelphia ta ɗauke shi a 1997.

Sannan kowane mataki da irin ciwon kansa. A Single-A yara ne 'yan shekara 19 ko 20, da yawansu daga Dominika da Benezuwela, karonsu na farko ke nan nesa da gida, don haka manajan da yake jin Sifaniyanci ya fi takwaransa daraja a wurin. A Triple-A kuma manya ne da suka ɗanɗana babbar gasa aka dawo da su, kowa yana ganin an zalunce shi, kuma manaja ne zai riƙe su kada su kashe wa matasa gwiwa.

Ɗan Kallo ya amsa:

Malam Tsohon Ɗalibi ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan ƙara da abin da idona ya gani, domin inda nake zaune a Amurka akwai filin wani kulob na Double-A da ba shi da nisa, kuma nakan je idan aiki ya bari.

Wata rana aka bar masu tikitin kaka suka shiga da wuri, sai na tarar da wani dattijo mai furfura a tsakiyar fili, yana tsaye a bayan wata ragar kariya, da kwandon ƙwallaye a gefensa, yana ta jefa wa yara ɗaya bayan ɗaya suna buga. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Da ya gama, ya ɗauki wata siririyar sanda mai tsawo ya koma buga wa masu tsaron zango ƙwallo a ƙasa, yana tsayawa lokaci zuwa lokaci yana nuna wa wani yaro yadda zai ajiye ƙafarsa. Ni na ɗauka ma'aikacin fili ne ko ƙaramin koci, sai da aka fara wasa na ga shi ne ya kai wa alƙali takardar jerin 'yan wasa. Ashe manajan ke nan. Idan kulob ɗinsa ne yake bugu, shi da kansa yake zuwa ya tsaya a gefen zango na uku, yana taɓa hula da kunne da ƙirji yana aika wa yara saƙo, aikin da a babbar gasa mutum guda ake ɗauka musamman domin shi.

A wannan daren ne kuma na ga abin da Malam ya faɗa game da umarni daga sama. Wani matashin mai jifa ya yi zagaye biyar babu wanda ya iya buga masa ƙwallo ta kirki, 'yan kallo sun fara murna, sai ga manaja ya fito a hankali, ya miƙa hannu ya karɓi ƙwallon. Fili ya kaure da ihu. Wanda aka sako bai jima ba aka yi masa ruwan maki, aka cinye mu. Ni kaina raina ya ɓaci, har na ce wa wani tsoho da yake kusa da ni wannan manaja bai san aikinsa ba. Tsohon ya nuna mini allon fili inda ake rubuta adadin jifa, ya ce yaron ya cika abin da aka ƙayyade masa, kuma da manajan ya bar shi ya ƙara, da kafin ya cire takalmi waya ta same shi. Bayan kamar mako uku na duba jerin sunaye ban ga yaron ba, an matsar da shi Triple-A. Kulob ɗinmu ya rasa gwaninsa a tsakiyar kaka, kuma a lissafin masu gida wannan ci gaba ne ga manajan.

Game da wahalar aikin, kakar Double-A wasa 138 ce, ta Triple-A 150, ta matakai biyu na ƙasa 132. Tun 2021 ana buga wasa shida a jere da abokin karawa ɗaya, daga Talata zuwa Lahadi, a huta Litinin, kuma sau da yawa wannan hutun a cikin bas yake ƙarewa. Kafin nan an yi horon share fage tun watan Fabrairu ko Maris. Mai iyali da ya zaɓi wannan sana'a ya san rabin shekara ba zai kwana a gidansa ba.

Mai Sharhi ta amsa:

Ina ganin ya kamata a yi wa Malam Mai Neman Sani adalci a kan tambayarsa ta ƙarshe, domin sunayen da aka kawo duk na waɗanda suka kai gaci ne, kuma idan aka tsaya a kansu sai mutum ya ɗauka tsani ne da ake hawa da haƙuri kawai. Kujerun babban manaja 30 ne tak, kuma ba 'yan gona kaɗai suke nemansu ba.

Stan Wasiak ya yi kaka 37 a jere yana manaja a ƙananan kulob, daga 1950 zuwa 1986, ya ci wasa 2,530, wanda babu wanda ya kai shi, amma bai taɓa riƙe babban kulob ba. Idan aka ce wannan tsohon zance ne, a duba Ryne Sandberg. Gwarzon Chicago Cubs ne wanda aka shigar da shi zauren fitattu a 2005, amma ya ajiye girmansa ya koma manajan Peoria, ƙaramin kulob ɗin Cubs, a 2007 yana hawa bas tare da yara, ya haura Double-A a 2009, ya kai Triple-A a Iowa a 2010 har aka zaɓe shi gwarzon manajan gasar. Da kujerar Cubs ta faɗi a ƙarshen wannan shekara, sai aka ba Mike Quade. Dole ya bar gida ya koma gonar Philadelphia, ya ƙara kaka biyu a Lehigh Valley, kuma da ya samu kujerar Philadelphia a watan Agustan 2013 kulob ɗin ya riga ya tsufa, bai cika shekara biyu ba ya ajiye aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, New York Yankees sun ɗauko Aaron Boone daga sharhin talabijin a ƙarshen 2017 alhali bai taɓa yin koci ko manaja a ko'ina ba, haka ma White Sox suka ɗauki Robin Ventura a kakar 2012 alhali bai taɓa yin manaja ba. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha kashi.

Dalilin, a nawa ganin, shi ne aikin babban manaja ya sauya. Yawancin lissafin da a da manaja yake yi da ƙwarewar shekaru, yanzu ofishin ƙididdiga ne yake shiryawa, sai masu kulob suka koma neman wanda zai iya magana da 'yan jarida sau biyu a rana, ya riƙe zukatan taurari, ya kuma yarda da takardun da aka ajiye masa a tebur. Shekara ashirin a bas ba lallai ne ta nuna wannan ba.

Sai dai wannan sauyin ya buɗe ƙofa ta wani gefen, kuma a nan ne bayanin Malam Tsohon Ɗalibi yake buƙatar ƙari. Ba dole ba ne yanzu sai tsohon ɗan wasa. Mike Shildt bai taɓa buga wasan kuɗi ba. Ya koyar a makarantar sakandare da jami'a, ya shiga Cardinals a matsayin mai zaƙulo 'yan wasa, ya yi manaja a Johnson City da Springfield da Memphis, ya karɓi babban kulob a 2018, aka zaɓe shi gwarzon manaja a 2019. Rachel Balkovec ta shigo ta ɓangaren horar da ƙarfin jiki, ta zama kocin bugu a gonar Yankees, kuma a watan Janairun 2022 aka naɗa ta manajar Tampa Tarpons, ɗaya daga ƙananan kulob ɗin Yankees, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami. Daga nan ba kujerar babban manaja ta nufa ba, ofis ta koma, inda ta zama daraktar renon 'yan wasa ta Miami Marlins a 2024, wato ta zama mai ba manajoji umarni. Kulob da yawa kuma suna ɗaukar kociyoyin jifa daga jami'o'i da cibiyoyin horo masu zaman kansu irin su Driveline, saboda sun iya karanta abin da na'urorin TrackMan da Rapsodo suke nunawa game da juyin ƙwallo da saurinta. Dattijon da Malam Ɗan Kallo ya gani yana zuba gumi, a yau yana gogayya ne da matashin da yake riƙe da kwamfuta.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya. Tunda hawan ba shi da tabbas, shin aƙalla zaman yana da tabbas? Wato mutum zai iya cewa ya samu aikin da zai riƙe shi har ya yi ritaya, ko kuwa shi ma kullum a ɗar-ɗar yake kamar yaran da yake renon?

Tsohon Ɗalibi ya sake amsawa:

Malama Mai Sharhi ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyaranta. Amsar tambayarka, Malam, ita ce a ɗar-ɗar yake. Yawancin kwantiragin shekara guda ne, ana sabuntawa bayan kaka ta ƙare, kuma idan aka sauya shugabannin babban kulob, sababbin sukan zo da mutanensu da tsarinsu, sai a yi wa gona shara tun daga sama har ƙasa. Garambawul ɗin 2021 da ya rage ƙananan kulob daga 160 zuwa 120 ya tafi da kujeru masu yawa, kuma ya zo ne bayan an soke kakar 2020 gaba ɗaya saboda annobar korona. 'Yan wasan ƙananan matakai sun shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022, sun samu yarjejeniyarsu ta farko a 2023, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin albashin Triple-A daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara, amma manajoji da kociyoyi ba sa cikin wannan yarjejeniya, kowa da bakinsa yake ciniki. Shi ya sa idan hunturu ya shigo wasu suke tafiya gasannin Dominika ko Benezuwela ko Meziko ko Puerto Rico, wasu gasar Arizona Fall League, wasu kuma su koma koyar da yara a garuruwansu kafin lokacin horo ya zagayo.

Akwai kuma nauyin da ba a rubuta shi a kwantiragi. Manaja ne yake kiran yaro ofis ya rufe ƙofa ya gaya masa an kira shi babbar gasa, kuma shi ne yake gaya wa wani an sallame shi, alhali a duka biyun ba shi ya yanke hukuncin ba. Da yawansu an taɓa zaunar da su a irin wannan kujera.

Tarihin Snitker da ka fara da shi ma ba hawa ba ne zalla. Ya shiga cikin kociyoyin babban kulob a 1985, aka dawo da shi gona, ya sake shiga daga 1988 zuwa 1990, aka sake dawo da shi. Ya yi kocin zango na uku daga 2007 zuwa 2013, sannan aka mayar da shi Gwinnett, kulob ɗin Triple-A, yana da shekara 58, lokacin da kowa zai ɗauka tasa ta ƙare. Daga can aka kira shi a watan Mayun 2016 bayan an sallami manajan Braves, Fredi González, kuma a matsayin riƙon ƙwarya aka kira shi. 'Yan wasan da ya rena ne suka fito fili suka nuna shi suke so, sai aka tabbatar da shi a watan Oktoba, a kan kwantiragin shekara guda da zaɓin ƙara wata idan kulob ya ga dama. Walter Alston ma, wanda ya fito daga gonar Dodgers ya riƙe babban kulob daga 1954 zuwa 1976 har ya ci World Series sau huɗu, duk shekarun nan 23 a kan kwantiragin shekara ɗai-ɗai ya yi su.